Ranar da Ɗanlarai Ya Kira Gayya

Duk wanda ya taɓa shiga babban zauren taro na jami'ar nan ta Bauchi ya ga Malam Ɗanlarai, ko da bai san ya gan shi ba. Shi ne siririn dattijon nan mai hular da ta sha wanki, wanda kan tsaya a bakin ƙofar baya, makullai a ƙugu, tsumma a kafaɗa, yana kallon farfesoshi kamar shi ya ba su aron wurin. A takardar aiki sunansa mai kula da zaure. Amma in ka tambaye shi, cewa yake yi, "Ai ni ne mai masauki. Su duk baƙina ne, har shugaban jami'ar."

A Ƙofar Dumi aka haife shi, a gidan dukawa. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, sai dai hannun Ɗanlarai bai karɓi basilla ba. In ya ɗinka takalmi, na hagu da na dama sai su fito kamar ba uwarsu ɗaya ba. Da aka gaji da asarar fata, wani kawunsa ya samo masa aikin shara a jami'a. Shekara huɗu yana shara kafin a damƙa masa makullan zaure, ya kuwa riƙe su shekara ashirin da bakwai. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa: ya san fankar da ke kuka, ya san kujerar da ke cizon babbar riga, ya san farfesan da sai ya busa makirufo sau uku kafin ya ce uffan. Turancinsa ma a bakin ƙofar nan ya tsince shi. Saboda haka ya san manyan kalmomin da ɗan sakandare bai taɓa ji ba, amma in aka ce ya tambayi hanyar kasuwa da Turanci, sai gumi ya karyo masa.

Mutum ne mai sauƙin kai, ga ban dariya, amma akwai abu ɗaya da ba ya iya jurewa, wato ya ga baƙo yana yi wa kujeru magana. A wurinsa wannan abin kunya ne, kuma kunyar tasa ce, ba ta jami'a ba. In ya hango taro zai yi ƙaranci, tun da safe yake kwashe layukan baya ya ɓoye a sito, don 'yan kaɗan ɗin su yi kama da jama'a. In abin ya ƙi, sai ya tsaya a bakin hanya ya riƙa tare ɗalibai, wannan da lallashi, wancan da tuna masa ranar da ya tsinci wayarsa ya mayar masa. A tsawon shekarun nan ba a taɓa yin baƙon da ya fita daga zaurensa kansa a sunkuye ba, kuma yana alfahari da haka fiye da yadda yake alfahari da 'ya'yansa, in ji matarsa Habibatu.

To, a shekarar da zai yi ritaya ne Dakta Omolara Akinwale ta zo masa da labarin baƙo. Malama ce a sashen Turanci, Bayarabiya amma haifaffiyar Bauchi, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ta ce masa wani marubuci ne zai zo daga ƙasar Ailan, can kusa da Ingila, sunansa Mista Garvan. Ta ce marubutan ƙasar haka suke yi, suna zagaya jami'o'in duniya suna karanta littattafansu a gaban mutane, kuma ta shekara biyu tana rubuta wasiƙu kafin a ba ta wannan.

Ɗanlarai ya ce, "Lacca zai yi ke nan, Dakta?"

"A'a, Baba. Karatu kawai. Zai buɗe littafinsa ya karanta."

"Shi ya rubuta, shi kuma zai karanta mana? To, madalla. Malam Garba dai ko?"

Ta gyara masa sunan sau biyu, ya ce ya ji. Daga ranar nan dai baƙo ya zama Malam Garba.

Matsalar ita ce tun wata shida aka sa ranar, kafin nan kuwa aka matso da jarrabawa. Ɗalibai suka gama ranar Juma'a, suka watse kamar an kaɗa kaji. Ranar Litinin Dakta Omolara ta shigo zaure ta zauna a kujerar gaba, ta rafka tagumi. Ta ce ta buga waya har kunnenta ya yi zafi, in an taru sosai a samu malamai goma sha biyu, ga shi jibi Laraba da ƙarfe goma baƙo zai tsaya a nan.

Ɗanlarai ya dubi zaurensa mai cin mutum ɗari uku. Ko duka kujerun ya ɓoye, mutum goma sha biyu ba za su yi kama da jama'a ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya tsallako teku, ya sha jirgi biyu da mota, ya zo ya yi wa bango karatu, kuma a shekarar ƙarshe ta Ɗanlarai? Da la'asar ya koma gida, Habibatu ta ajiye masa abinci, ya yi ta juya cokali a ciki bai kai baki ba.

Da ta ji abin da ke damunsa sai ta yi dariya. Ita 'yar Miri ce, 'yar manoma. Ta ce, "Malam, a garinmu in gona ta fi ƙarfin mutum ba tagumi yake yi ba, gayya yake kira. Kowa ya zo da fartanyarsa, shi kuma ya ciyar da su. Kai ma ka kira gayya mana. Fartanya ma ba ka nema, zama kawai za su yi."

"Ba sa jin Turanci fa."

"Kujerun naka suna ji ne?"

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma Ɗanlarai dole ya fafe. Gari na wayewa ranar Talata ya tashi tsohon babur ɗinsa. Ya fara da maƙerar Baffa Hammadu, dattijon layinsu, wanda in ya ce a tashi ba mai sake zama. Baffa ya ajiye guduma ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baƙonka annabinka. Za mu zo." Daga nan ya biya shagon Ndubuisi mai kayan gyaran babur. Ndubuisi na jin sunan ƙasar ya dafe ƙirji, ya ce fadan cocin da ya koya wa babansa karatu ɗan can ne, saboda haka zai rufe shago, kuma bas ɗinsa ta kai mutane sawu nawa ake so. Daga nan sai Miri, wurin surukai, inda aka shayar da shi fura kafin a bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi. Habibatu kuwa ta jiƙa shinkafa ta tara maƙwabta, don ba a gayya ba ci, kuma a Bauchi in an ce ci, masa ake nufi.

Ranar Laraba tun ƙarfe tara zaure ya cika. Ga maƙera da dukawa da teloli, ga manoman Miri da rigunansu na Juma'a, ga mata a gefe guda da mayafai, ga 'yan cocin su Ndubuisi. Malaman nan goma sha biyu suka iso suka tarar da ƙyar za su sami wurin zama. Ɗanlarai ya tsaya a gaba ya kafa doka. Ya ce karatun Turawa ba kamar namu ba ne, shiru ake yi. Ba magana, ba waya, ba tofar da goro. Kowa ya kalli baƙo kamar yana fahimta, in kuma an ga Ɗanlarai ya tafa, a tafa. Aka ce an ji.

Ƙarfe goma motar jami'a ta kawo baƙo daga masaukinsa na GRA. Dogo ne, rana ta riga ta mayar da shi ja kamar gauta, rigarsa ba ta ga guga ba, takalminsa kuwa ɗan dukawa ya kalla sau ɗaya ya tausaya masa. Da alama an riga an gaya masa kada ya sa rai da jama'a, domin da ya shigo ya ga zaure maƙil, sai ya tsaya cak ya waiwaya, ko ya yi ɓatan ƙofa ne. Dakta Omolara ta dubi taron, ta dubi Ɗanlarai, ta rufe baki da hannu. Shi kuwa ya koma bakin ƙofarsa yana jin kansa kamar ango.

Sai dai akwai abin da bai shirya masa ba. Dakta ta gabatar da baƙo da Turanci, ta faɗa a ciki cewa ƙagaggen labari ne zai karanta. Ɗanlarai ya san kalmar, ya ji ta a lacca ba sau ɗaya ba. Amma da ta gama sai ta dubi mutanen Ƙofar Dumi da na Miri, ta ga bai kamata su zo su tafi hannu rabbana ba. Ta juya harshe ta ce, "Iyayena, baƙonmu zai karanta mana labari. In ya karanta kaɗan, ni kuma zan mayar muku da Hausa." Ta manta ba ta ƙara kalmar nan ɗaya ba, wato ƙagagge. Gaban Ɗanlarai ya faɗi, domin duk shirinsa ya ginu ne a kan cewa ba wanda zai fahimci kome.

Baƙo ya buɗe littafi ya fara, Dakta na bi. "Ni ɗan manomi ne," in ji ta da bakinsa. "Gidanmu yana bakin teku, inda ruwan sama ba ya hutawa. Mahaifina yana da shanu goma sha ɗaya, kuma ya fi yi musu magana a kan yadda yake yi mini."

Wani manomin Miri ya ce, "Haka suke!" Aka fashe da dariya.

Ɗanlarai ya zare ido, ya ɗora yatsa a baki. Wa ya gan shi? Doka ta riga ta karye. Mutanen da suka tashi da tatsuniya da wa'azi ba su san a bar mai magana shi kaɗai ba, a wurinsu rashin amsawa shi ne rashin ladabi. Kowace jimla ta sauka sai ka ji "Na'am," sai ka ji "Ikon Allah," sai ka ji "To fa." Da farko baƙon yakan tsaya duk lokacin da aka amsa, ya ɗago kai yana zaton tambaya ce. Can sai ya gane, ya fara barin musu gurbi, muryarsa ta saki, har ya riƙa ɗaga hannu.

Labarin ya ci gaba. Yaro ya girma ya tafi birni, ya daina zuwa gida sai jefi-jefi, kullum yana cewa sai wata mai zuwa. Mata suka fara "Ayya." Rannan aka bugo masa waya cewa an tsinci tsohon a gona, ya faɗi yana cikin yankan ciyawar shanu. Ya kamo hanya, ya iso gida ya tarar da takalman aikin mahaifinsa a bakin ƙofa, taɓon jikinsu bai ko bushe ba. Baƙo ya rufe littafi.

Zaure ya yi tsit. Ɗanlarai ya san nan ne wurin tafi, saboda haka ya ɗaga hannu ya shiga tafawa da ƙarfinsa. Shi kaɗai. Kawuna ɗari uku suka juyo suna kallonsa.

Baffa Hammadu ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ɗanlarai, lafiyarka kuwa? Bawan Allah yana faɗin rasuwar mahaifinsa, kai kana tafi?"

"Baffa, ai ba haka..."

"Rufe mana baki. Ka tara mu ba ka gaya mana gidan makoki za mu zo ba." Ya juya ga jama'a. "Ku tashi mu yi wa baƙo gaisuwa."

Kafin Ɗanlarai ya ratso ta tsakiyar kujeru, layi ya riga ya miƙe daga dandamali har bakin ƙofa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Shi da ya yi duk wahalar nan don kada baƙo ya ji kunya, ga shi ya tara masa gari guda suna yi masa ta'aziyyar mutumin takarda. Ya tsaya gumi na bin bayansa, yana jiran baƙon ya ɓata rai, ko kuma, abin da ya fi muni, ya yi musu dariya.

Baƙon bai yi ko ɗaya ba. Dakta ta raɗa masa abin da ke faruwa, ta ce bari ta dakatar da su, sai ya girgiza kai. Ya sauko daga dandamali, ya gyara wuyan rigarsa, ya tsaya. Baffa ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Sannu da haƙuri. Allah ya ba ka dangana." Na bayansa ya zo, na bayansa ya zo. Ndubuisi ya rungume shi. Mata suka riƙa rusunawa daga nesa kaɗan suna "Yaya haƙuri?" Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ba shi goro. Haka ya tsaya fiye da rabin awa, bai tsallake ko mutum ɗaya ba.

Sai da na ƙarshe ya koma ya zauna sannan ya ɗauki makirufo. Ya ce, ta bakin Dakta, a ƙauyensu ma haka ake yi, in an yi rashi duk gari kan yi layi a miƙa hannu, kuma tun yana yaro aka koya masa ba a katse irin wannan layi. Shi ya sa ya bari aka gama. Amma dole ya faɗi gaskiya: labarin ƙirƙirarsa ya yi. Mahaifinsa yana nan da ransa, shekararsa tamanin da shida, kuma a daidai wannan lokaci wataƙila yana can yana yi wa shanu faɗa.

Zaure ya kaure. Wasu na salati, wasu na dariya har da riƙe ciki, tsohuwar nan ta ce a dawo mata da goronta. Baffa Hammadu dai bai yi dariya ba. Ya buga sanda a ƙasa sai da aka yi shiru.

Ya ce, "Dakta, tambaye shi. Ubansa na da rai ya kashe shi a takarda, yana yawo da shi gari-gari? Tsohon ya sani?"

Baƙon ya ce ya aika masa da littafin shekara uku da suka wuce, amma bai taɓa ce masa kome a kai ba. Ba masu yawan magana ba ne su biyun.

"Yaushe rabonsa da jin muryarsa?"

Baƙon ya sosa ƙeya, ya ce an kusa wata biyar.

Baffa ya ce, "To, ba inda za mu. Mun yi gaisuwar mutuwa a banza, sai mun yi ta rai. Ya kira shi yanzu, mu ji."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, don haka Ɗanlarai ne ya hau dandamali ya karɓi wayar baƙon ya kanga ta a bakin makirufo. Ta yi ta ƙara a lasifika, har aka fara cewa ba ya kusa. Can sai ga wata tsohuwar murya mai kaushi ta cika zauren. Baƙon ya ce, "Baba, ni ne. Ina Najeriya. Akwai mutum ɗari uku a nan suna son su gaishe ka."

Sai muryar ta ce wani abu gajere, Dakta ta tuntsire da dariya kafin ta iya fassarawa. "Ya ce, me ka aikata?"

Baffa Hammadu ya matso, Dakta na fassarawa, ya yi gaisuwa cikakkiya, ba ragi: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya shanu, yaya ƙarfin jiki. Tsohon ya amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaya ko an sami ruwa bana a wajensu. Nan fa manoman Miri suka ga ta samu, kowa na son ya ba da labarin damina, har sai da Dakta ta ɗaga hannu. Daga ƙarshe Baffa ya gaya masa dalilin kiran, ya ce a yafe wa yaro, ƙuruciya ce. Yaron nan kuwa furfura ta riga ta cinye masa rabin kai.

Tsohon ya yi tari, ya yi magana a hankali. Dakta ta saurara, ta dubi baƙon, sannan ta faɗa da Hausa. "Ya ce ku gaya wa ɗansa, shi tsohon ya riga ya karanta littafin sau biyu. Ya ce ba laifi, an iya. Amma in zai sake kashe shi, ya bari ya gama yankan ciyawar tukuna, don shi bai taɓa barin aiki rabi ba."

Wannan karon ba wanda ya jira Ɗanlarai, zaure ya ɗauki tafi da guɗa. Baƙon yana dariya, hawaye na zuba, bai ko damu ya share ba.

Aka fita inuwar bishiyoyi aka buɗe kwanukan masa. Baƙon ya ci shida da miya, ya sha ruwa kofi uku saboda yaji. Da rana ta take, bas ɗin Ndubuisi ta fara kwasar mutane, Ɗanlarai ya koma ciki yana jera kujeru. Can ya ga baƙon ya shigo shi kaɗai, ya zauna a layin baya. Dakta ba ta kusa, saboda haka Ɗanlarai ya tattaro ɗan Turancinsa ya tambayi abin da ke cin ransa tun safe.

"Malam Garba, mun ba ka kunya?"

Baƙon ya yi magana sannu a hankali don ya gane. Ya ce ya karanta labarin nan a jami'o'i sun fi arba'in. Ko'ina in tsohon ya mutu, tafi ake yi masa. "Yau mutum ɗaya ne kawai ya tafa," in ji shi, yana murmushi. "Sauran duk sun zo sun kama hannuna."

Ɗanlarai ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai ajiye kujerar da ke hannunsa.

Baƙon ya ce jibi ya kamata ya yi karatu a wata jami'a a Jamus, amma yana tunanin ya ba su haƙuri ya wuce ƙauye kai tsaye.

Ɗanlarai ya ajiye kujerar. Ya ce, "A'a, Malam Garba. Ka je ka yi musu karatunsu, sannan ka wuce gida wurin tsoho. Can ma akwai wani irina. Ya riga ya jera kujeru."